Karatun tsara fuskar manhaja a jami'a: jagora ga ɗalibin Katsina daga JAMB zuwa furojet

Mai shago a babbar kasuwar Katsina yana auna wa wata shinkafa, wani na miƙo masa kuɗin magi, yaro na tsaye yana jiran canji, ga waya a hannunsa na hagu yana son ganin ko alat ya shigo. Idan sai ya danna wuri biyar kafin ya ga kuɗin, ko rubutun ya dushe har hasken rana ya cinye shi, laifin yana wuyan wanda ya tsara fuskar manhajar. Fannin da ake kira UI da UX aikinsa ke nan. Fuskar manhaja, wato UI, ita ce duk abin da ido ke gani a allo, yatsa ke taɓawa. Sauƙin amfani kuwa, wanda UX ke kula da shi, ƙa'idar ISO 9241-11 ta raba shi gida uku: shin mutum ya gama abin da ya zo yi, nawa ya kashe na lokaci da wahala, kuma yaya ransa ya ji bayan ya gama. Riƙe waɗannan ukun da kyau, domin su za ka yi ta aunawa har ranar kare furojet.

Ta wace ƙofa ake shiga

A yawancin jami'o'in Najeriya ba a ba da digiri mai wannan suna. Darasi ne a cikin ilimin kwamfuta, ko injiniyancin manhaja, ko fasahar sadarwa, kuma ana kiran sa mu'amalar mutum da kwamfuta, HCI a taƙaice. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam a cikin Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, duk suna koyar da ilimin kwamfuta. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Ingilishi da Lissafi da Fiziks a ciki. A JAMB ma waɗannan ukun ne, sai na huɗu daga darussan da makarantar ta amince da su. Buɗe littafin JAMB na shekararka ka karanta da idonka, kada ka bar wa mai shagon intanet ya zaɓa maka, domin kuskuren haɗa darussa ya hana ɗalibai masu maki mai kyau samun gurbi. Wanda ya bi ta kwalejin fasaha, kamar ta Hassan Usman Katsina, zai iya amfani da diflomarsa ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Darasin HCI kan zo a aji uku ko huɗu, sau da yawa a zango guda tak. Wanda ya zauna jiran sa ya makara. Daga aji ɗaya za ka fara, kana tsintar abin da ya shafe ka a sauran darussa. Kididdiga, wadda ɗalibai ke gudu, ita za ta ba ka damar cewa sabon tsarinka ya fi tsohon ba tare da rantsuwa ba. Darasin nazari da tsara tsari zai koya maka tattara buƙatun masu amfani. HTML da CSS kuwa, harsunan gina shafin intanet, wajibi ne ka iya su ko da ba ka da niyyar zama mai rubuta manhaja, don wanda bai san yadda ake gina abu ba yakan zana abin da ba ya ginuwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Laftof mai RAM giga 8 da SSD ta isa. Figma, manhajar da ake zana allunan manhaja da ita, tana aiki a cikin burauza, tana da tsarin kyauta ga ɗalibai idan ka tabbatar musu kana makaranta, amma tana son intanet; takwararta Penpot ma kyauta ce. Sai rim ɗin takarda, fensir, almakashi, da ƙaramar waya ta Android mai araha, irin Itel ko tsohuwar Tecno. Wannan wayar ta fi laftof ɗin muhimmanci, za a ga dalili a gaba.

Mataki na farko: zauna ka kalla

Zaɓi matsala ƙarama wadda za ka iya zuwa wurinta da ƙafa ko a Keke Napep. A nan za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: manhajar da za ta maye gurbin littafin bashi na mai shagon kayan masarufi.

Kafin ka zana layi ko ɗaya, nemi masu shago biyar zuwa takwas. Ka je lokacin da kasuwa ta lafa, bayan Azahar, ka yi sallama, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka: "Alhaji, ɗalibi ne ni, aikin makaranta nake yi a kan yadda ake rubuta bashi. In ba damuwa, ina so in zauna gefe na minti talatin in ga yadda kake yi." Kada ka tambaye shi ko zai so manhaja, kara za ta sa ya ce zai so. Tambaye shi abin da ya riga ya faru. Wane ne na ƙarshe da ya karɓi kaya bashi? Nuna mini inda ka rubuta. Yaushe aka yi gardama a kan lissafi, me ya jawo ta?

Littafin da kansa malami ne. Za ka tarar ba a rubuta suna da sunan mahaifi; laƙabi ake sawa, mai shayin bakin tasha, matar malam, direban Jibiya. Za ka ga an ja layi a kan bashin da aka biya maimakon a goge shi, saboda layin shaida ne ranar da musu ya tashi. Wani da ajami yake rubutawa, daga dama zuwa hagu, lambobin kuma na boko. Kowanne daga cikin waɗannan hukunci ne a kan tsarinka: fom mai tilasta "sunan farko" da "sunan iyali" ya faɗi tun kafin a buɗe shi, kuma maɓallin da ke share bashi gaba ɗaya ya kashe shaidar da mai shago ya dogara da ita.

Katsina da Daura suna bakin iyaka, kuma wannan yana shiga har cikin akwatin lambar waya. Lambar Najeriya lambobi 11 ce, ta Nijar 8 ce bayan +227. Idan fom ɗinka ya kafe sai 11, ka kori abokin cinikin da ke zuwa daga Maraɗi ko Damagaram. Haka kuɗi: mutumin Nijar da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, don haka idan ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Ba a koyon wannan a ɗakin lakca.

Idan masu amfanin mata ne da ke sana'a a cikin gida, ɗaliba ce za ta shiga, bayan an nemi izinin masu gidan. Rukunin furojet da babu mace a ciki ya rufe wa kansa ƙofar rabin mutanen gari.

Mataki na biyu: takarda kafin kwamfuta

Rubuta ayyuka uku kacal da manhajar za ta yi: rubuta sabon bashi, karɓar biyan wani ɓangare, duba jimillar abin da ake bin mutum. Ga kowanne, jera matakan da yatsa zai bi, ka ƙirga su. Mai shago yana rubuta bashi a littafi cikin 'yan daƙiƙu. Idan manhajarka ta fi biro jinkiri, zai koma ga biro, kuma yana da gaskiya.

Naɗe takardar A4 gida huɗu, kowane gida allon waya ɗaya. Zana da fensir, ba launi, ba ado. Ga kowane allo yi zane uku mabambanta kafin ka zaɓa, domin na farko kusan kullum kwaikwayon manhajar da ka saba gani ne. Amfanin takarda shi ne ba a jin zafin yaga ta. Wanda ya kwana uku yana gyara inuwar maɓalli a Figma ba ya yarda maɓallin bai da amfani.

Ana gwada takardar ma. Mutum uku ake buƙata: ɗaya ya zama "kwamfuta", yana sauya takarda duk lokacin da aka taɓa wani wuri, ɗaya ya ba da aiki, ɗaya ya yi shiru yana rubutu.

Mataki na uku: ma'aunai

Yanzu ka buɗe Figma, ka ɗauki firam, wato allon da za ka yi zane a kai, mai faɗin 360 da tsawon 800, wanda ya yi daidai da yawancin wayoyin Android. Tazara tsakanin abubuwa ta riƙa bin ninkin takwas: 8, 16, 24, 32. Ba sihiri ba ne, yana hana allo yin kama da kayan da aka zube, kuma mai rubuta manhaja zai gode maka.

Wurin taɓawa kada ya gaza 48dp a kowane gefe (dp ma'aunin girma ne a allon Android). Wannan shawarar Google ce ga Android, ta Apple kuwa 44pt. Tushen abin ƙa'idar masani Fitts ce ta 1954: lokacin kai hannu ga abu yana ƙaruwa da nisansa, yana raguwa da girmansa. Don haka maɓallin da aka fi dannawa ya zama babba, a ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa, shi kuwa mai haɗari a nesanta shi. Ka tuna yatsan da za su taɓa shi: yatsan da hunturu ya busar, ko mai maiƙon man gyaɗa, a kan gilashin da ya tsage.

Girman rubutu na yau da kullum ya kai 16sp (sp ma'aunin girman harafi ne a Android). Bambancin haske tsakanin rubutu da bango, bisa ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa shafukan intanet ga masu lalura, aƙalla 4.5 ne bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ruwan toka mai lamba #999999 a kan fari, wanda ɗalibai ke ƙauna don ya yi kama da na zamani, bai kai 3 bisa 1 ba. #767676 shi ne ya tsallake 4.5 bisa 1 da ƙyar. A cikin ɗaki mai labule duka biyun suna karantuwa. Fita da wayar tsakar rana a watan Afrilu ka gani. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ja ga wanda ake bi da kore ga wanda ya biya ba su isa ba, saboda akwai masu ido da ba ya rarrabe su. Haɗa da kalma ko alama.

Lokacin amsawa ma yana da iyakoki sanannu: kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana ji kamar nan take ne, daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai yanke ba, daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Inda sabis ke ɗaukewa, babbar tambaya ita ce me allo ke cewa lokacin da ake jira. Allon da ya yi tsit bayan an danna "Tura" shi ke sa a danna sau biyu, a rubuta bashi ɗaya sau biyu. Zana allon jira, allon babu sabis, allon kuskure, da allon farko da babu komai a cikinsa. Ɗalibai kan zana ranar da komai ya tafi daidai kawai.

Sai harshe, inda ɗalibin Katsina ya fi kowa dama kuma ya fi kowa sakaci. Gwada font ɗinka, wato salon haruffan da ka zaɓa, da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da alamar ₦; wanda ba shi da su zai nuna ɗan akwati ko ya aro harafi daga wani font, kalmar ta fito kamar an yi mata faci. Noto Sans da Andika suna da su. Akwatin bincike dole ya ɗauki ƙ da k a matsayin abu ɗaya, ɗ da d haka, domin wanda ya adana Ɗahiru yau gobe Dahiru zai rubuta cikin sauri. Najeriya 'y take rubutawa, Nijar ƴ. Kuma a kula da kalmomin da rubutu ba ya nuna tsawon wasulansu: "Fasa" a kan maɓalli na iya zama janyewa, na iya zama farfasawa. Kada ka fassara daga Ingilishi kalma da kalma. Saurari abin da mai shago ke cewa da bakinsa, ka sa shi. Idan "ya rage" yake cewa, kada ka rubuta masa wata doguwar kalma ta ofis.

Mataki na huɗu: gwaji da mutane

Nan ne fannin yake, sauran duk shiri ne. Kafin ka fita, bi allunanka da ƙa'idoji goma da masanin fannin Jakob Nielsen ya fitar a 1994, irin su nuna wa mutum halin da manhaja ke ciki, ba shi hanyar komawa baya, da hana kuskure kafin ya faru. Abokai uku su yi wannan dubawa kowa shi kaɗai, sannan a haɗa sakamako. Tana kama kurakuran fili, kada ka ɓata lokacin Alhaji a kansu.

Mutum biyar ake fara gwadawa. Lissafin Nielsen ya nuna biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin, amma da sharaɗin su zama iri ɗaya. Idan kana da masu karanta boko da masu ajami kaɗai, rukuni biyu ke nan, nemi uku ko huɗu a kowanne. 'Yan ajinku ba sa cikin lissafi. Sun san inda ake ɓoye menu tun kafin ka zana shi. Gara zagaye uku na mutum biyar, ana gyara tsakaninsu, da zagaye ɗaya na mutum goma sha biyar.

Sa samfurin da ka zana a Figma a kan ƙaramar wayar nan, ba a laftof ba, a shagon mutumin, da hayaniyarsa. Nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoton hannunsa, ka gaya masa abin da za a yi da shi. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi ɗalibi ma. Kada ka ɗauki hoton littafin bashinsa da sunayen mutane a fili, kuma a rahoto lamba za ka ba kowa, M1, M2, ba suna ba.

Fara da kwantar masa da hankali: "Baba, manhajar muke jarrabawa, ba kai ba. Duk inda ka tsaya, ita ce ta gaza." Sannan ba shi aiki a siffar labari, ba tare da ka ambaci kalmar da ke kan maɓalli ba: "Mai shayi ya karɓi suga da madara na naira dubu uku da ɗari biyar, ya ce sai Juma'a. Yi yadda za ka yi." Roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi. Daga nan ka rufe bakinka. Wannan shi ne mafi wuya. Zai tsaya, yatsansa na shawagi a kan allo, ya ɗago ya dube ka, hannunka zai yi ƙaiƙayin nuna masa. Mayar masa da tambayar: "Kai a ganinka ina ne?" Idan ya yi minti biyu bai motsa ba, rubuta an kasa, ku wuce.

A ƙarshe zai ce, "Kai, ya yi kyau ƙwarai, Allah Ya yi albarka." Ka amsa da amin, amma kada ka rubuta shi a matsayin sakamako. Dattijo ba zai kushe aikin yaron da ya zo da ladabi ba. Abin da hannunsa ya yi shi ne shaida. Ga kowane aiki rubuta abu huɗu: ya gama ko bai gama ba, daƙiƙa nawa, kuskure nawa, da ainihin kalmomin da ya furta a inda ya rikice.

Don auna gamsuwa akwai SUS, tambayoyi goma da John Brooke ya tsara a 1986, kowacce ana amsa ta daga 1 zuwa 5. A tambayoyi na 1, 3, 5, 7, 9 cire ɗaya daga amsar. A na 2, 4, 6, 8, 10 cire amsar daga biyar. Tara duka ka ninka da 2.5. Misali amsoshi 4, 2, 5, 1, 4, 2, 4, 2, 4, 3 suna ba da 16 da 15, jimilla 31, maki 77.5. Wannan maki ba kashi cikin ɗari ba ne, kuma matsakaicinsa wajen 68 yake. Ɗalibai da yawa kan rubuta 70 a matsayin "A", alhali da ƙyar ya wuce matsakaici. Idan ka mayar da tambayoyin Hausa, ba wa wani da bai ga asalin ba ya sake mayar da su Ingilishi, ka kwatanta. Rabinsu a juye suke da gangan, kuma a nan fassara ke zamewa.

SIWES da furojet

Watannin SIWES, wato horon aiki a wajen makaranta, waɗanda a jami'o'i da yawa shida ne a aji uku, su ne damarka mafi tsawo. Ko an tura ka ofishin da aikinsa buga takardu ne, akwai fom da mutane ke cikewa ba daidai ba kullum. Ƙirga kurakuran mako guda, sake tsara fom ɗin, sake ƙirgawa. Aiki ne cikakke, kuma ya fi cika littafin rahoto da "na koyi haɗa firinta".

A furojet na aji huɗu, kuskuren da aka fi yi shi ne a gina manhaja, a manna hotunan allo a babi na huɗu, a rubuta cewa tana da sauƙin amfani. Wa ya ce? Tun ranar kai take ka shaida wa supabaiza cewa za ka yi gwaji da mutane, ka sa shi a babi na uku: su wane ne, su nawa, wane aiki, me za a auna. Idan kana da mako goma sha biyu, ba kallo da hira biyu, takarda da gwajinta biyu, ginawa huɗu, gwaji da gyara uku, rubutu na ƙarshe ɗaya, kana rubuta babi-babi tun daga farko. Babi na huɗu ya ƙunshi teburi na zagayen farko da na biyu gefe da gefe. Da mutum biyar, rubuta "huɗu cikin biyar", kada ka ce kashi 80 cikin ɗari. Mai jarrabawa da ya san kididdiga zai kama ka a nan. Idan kana son kwatanta lokaci ko maki da lissafi mai ƙarfi, sai ka nemi mutum ashirin zuwa sama.

Wannan furojet ɗin shi ne farkon jakar ayyukan da za ka nuna wa mai ɗaukar aiki. Ayyuka biyu ko uku sun isa, kowanne a shafi ɗaya: matsalar, waɗanda ka kalla, zanen takarda na farko, abin da ya gaza a gwaji, abin da ka sauya, da lambobin kafin da bayan gyara. Saboda haka kada ka zubar da takardun fensir ɗin nan, har waɗanda aka soke. Ɗauki hotonsu a ranar da ka zana su, ka rubuta kwanan wata a kusurwa, ka adana kwafi a Google Drive da kuma filasha.